Na gama digirin aikin jinya, ta ina zan fara neman gurbin horon shekara ɗaya a asibiti?

Ta Kusugu:

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena ma'aikatan jinya, barkanmu da aiki. Ni 'yar Daura ce, na kammala digirin aikin jinya na shekara biyar a wata jami'a ta nan Arewa, kuma yau wata uku ke nan da aka rantsar da mu. Na ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, ta jinya da ta ungozoma duka biyun. Tun daga ranar rantsuwa nake zaune a gida ina jiran gurbin horon nan na shekara ɗaya da ake kira intanshif, wanda sai an yi shi ake tafiya bautar ƙasa.

Zaman gidan ya sa na shiga karance-karance a intanet, kuma a nan ne kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ga sababbin nas-nas na Amurka suna ta maganar neman gurbin abin da suke kira residensi a asibitocinsu, har wasu suna cewa sun fara aika takardu tun kafin su gama makaranta. Shin wannan shi ne intanshif ɗinmu da wani suna, ko kuwa akwai wani tsari a nan gida da na makara ban nema ba?

Sai kuma batun wuri. Burina shi ne babban asibitin koyarwa a Kano ko Zariya, domin ina ganin can ne ake da na'urori da manyan ƙwararru. Baba kuwa ya ce in dai ba Daura ba, to iyakata Katsina, inda ƙanwarsa take aure. Ban yi masa musu ba, amma raina bai kwanta ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi hana ni barci. Makon jiya wani mutum ya kira ni, ya ambaci sunana da na jami'armu, ya ce yana da gurbi a hannunsa a wani asibitin tarayya, kuma idan na tura masa kuɗi kafin Juma'a zai sa sunana. Abin da ya nema ya fi albashin Baba na wata uku. Ƙawayena biyu sun ce haka ake yi yanzu, wanda ya tsaya jiran gaskiya zai shekara a gida. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga aikin su haska mini hanya. Na gode.

Sista ta Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna, Allah ya sanya albarka a karatun. Na fi shekara goma sha biyar ina aikin nan a Katsina, kuma sababbin nas-nas da yawa sun ratsa ta hannuna.

Ba ki makara a kan komai ba. A Amurka, wadda ta ci jarrabawarsu ta NCLEX ta karɓi lasisi cikakkiyar ma'aikaciya ce, sai asibiti ya ɗauke ta aiki, ya sa ta a shirin raino na wata shida zuwa shekara ɗaya, tana aiki a ƙarƙashin wata gogaggiya, tana kuma halartar darussa. Wannan shi ne residensinsu, kuma asibiti ne yake shirya shi don amfanin kansa, saboda sababbin ma'aikata da yawa sukan gudu a shekarar farko idan ba a riƙe hannunsu ba. A nan gida kalmar ta likitoci ce, masu neman zama ƙwararru a wani fanni. Namu shi ne intanshif, kuma ya sha bamban da nasu ta fuska mai muhimmanci: wajibi ne ga mai digiri, lasisin wucin gadi kike aiki da shi, kuma ranar da wata goma sha biyu ya cika za a sallame ki, babu alkawarin ɗauka aiki. An amince da shi ne a taron Majalisar Ƙasa kan Tsarin Ma'aikata da aka yi a Minna a 2016. Mu da muka riga wannan lokaci ba mu san shi ba, daga makaranta sai ɗakin majinyata.

Matsalar da kike ciki ta samo asali ne daga yadda ake raba guraben. Likitoci suna da tsari na bai-ɗaya, hukumarsu ce take tura sababbinsu asibitoci. Mu kuwa kowane asibiti shi yake fitar da tallarsa lokacin da ya ga dama, ya yi jarrabawarsa, ya ɗauki adadin da kasafinsa zai iya biya, ga shi jami'o'in da ke yaye nas-nas sai ƙaruwa suke yi. Ki tuna yajin aikin gargaɗi da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NANNM, ta fara a ƙarshen watan Yuli na 2025, a cikin buƙatunta har da a mayar da rabon guraben intanshif wuri ɗaya. Tunda kowane asibiti da nasa lokacin, kada ki rataya ranki a kan guda ɗaya. Ki nemi Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina, wanda har yau bakinmu bai daina ce masa Medikal Santa ba. Ki nemi na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki leƙa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke nan garinku, ki kuma je Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha da ƙafarki ki tambayi sashen aikin jinya. Duk inda kika je, tambayar farko ita ce ko NMCN ta amince wa wurin ya ba da wannan horo, domin idan ba ta amince ba, shekararki ta tafi a banza ko da kin iya aiki kamar me.

Takardu kuwa ki haɗa su tun yau, kada ki jira talla, domin wani lokaci 'yan makonni kaɗan ake bayarwa a rufe. Ki tanadi sakamakon sakandare, da takardar kammala digiri, da ta rantsuwa, da lasisin wucin gadi, da shaidar cin jarrabawar hukuma, da takardar haihuwa, da ta asalin ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo. Ki yi kwafi kamar biyar na kowace, ki kuma ɗauke su a waya tsaf ta yadda za ki iya lodawa ko a cikin mota kike. Sannan ki shimfiɗa su a kan tabarma ki karanta sunanki da ranar haihuwarki a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Na ga yarinya mai ƙoƙari da aka ajiye takardunta gefe saboda wannan kaɗai.

Mai kiran waya kuma, kada ki tura masa ko sisi. Idan asibitin tarayya yana karɓar kuɗin fom, ta Remita ake biya zuwa asusun gwamnati, a ba ki rasit mai lamba, ba asusun wani mutum ba. Sanin sunanki da jami'arki ba hujja ba ce, jerin sunayen waɗanda aka rantsar yana yawo a WhatsApp. Ba zan ce miki babu masu shiga ta bayan gida ba, akwai su, kuma duk mun sani. Amma wadda aka damfara ba ta da bakin kai ƙara, tunda ita ma abin da ta je saye haramtacce ne.

A kan wuri, ni ra'ayina shi ne ki dage wa asibitin koyarwa. A can za ki zaga sassa yadda ya kamata, ki ga sashen kulawa ta musamman, da wankin ƙoda, da ɗakin jarirai bakwaini, abubuwan da wataƙila ba za ki sake samun damar gani ba idan aiki ya kai ki ƙaramin asibiti.

Ɗan Mashi:

Anti ta gama magana a kan takardu da 'yan damfara, ba ni da abin ƙarawa. Amma da izininta zan ɗan saɓa mata a kan batun babban asibiti, domin bara na gama nawa, abin bai huce a jikina ba.

Na nemi wuri biyar, biyu suka kira ni. A na farko, bayan jarrabawar kwamfuta aka shigar da mu ganawa ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyar na tarar a bayan dogon teburi, shugabar sashen jinya a tsakiya, gilashinta a ƙarshen hanci. Na kwana uku ina haddar manyan cututtuka masu dogayen sunaye. Ko kallon takarduna ba ta yi ba ta ce: likita ya rubuta ruwa lita ɗaya ya shiga cikin sa'a takwas, robar ƙarin ruwan mai ɗigo 20 ce a kowane mililita, ɗigo nawa za ka saita a minti? Wallahi kaina ya ɗauke ɗif. Lissafin da muka yi tun aji biyu ne, ka ninka 1000 da 20 ka raba da minti 480, ya ba ka kusan 42, amma sai da na fito na tsaya a bakin ƙofa amsar ta zo mini. Ban samu wurin ba, kuma ban ga laifinsu ba. A na biyu sun tambaye ni matakai biyar na tsarin kula da majinyaci, da abin da zan fara yi idan mai karɓar ƙarin jini ya kama rawar ɗari. Na ce zan tsayar da jinin nan take, in bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar roba, in auna shi, in kira likita. Nan suka ɗauke ni. Saboda haka 'yar'uwa, ki koma littattafan aji biyu da uku, ki maimaita lissafin magani har ya zauna, ki kuma sa wata ta riƙa yi miki tambaya kina amsawa da baki, domin sani daban, faɗa a gaban manya daban.

Inda na yi ba shi da suna kamar waɗanda Anti ta lissafa, kuma na shiga ina jin kamar an rage mini daraja. Abokina da ya samu babban asibitin koyarwa ya ga na'urorin da ban gani ba, wannan gaskiya ne. Sai dai a can, majinyaci ɗaya yakan samu likita mai neman ƙwarewa, da sabon likita, da ɗaliban likitanci, da ɗaliban jinya, duk a kansa, kafin hannun ɗan intanshif ya kai ga kanula, wato allurar robar da ake sa wa a jijiya, an riga an sa. Ni kuwa a watana na uku, ina aikin dare a ɗakin haihuwa, wajen ƙarfe biyu aka shigo da wata yarinya mai cikin fari daga ƙauye tana jijjiga, 'yan'uwanta sun naɗe ta a bargo, bakinta duk jini ta ciji harshe. Daga ni sai wata dattijuwar ungozoma, ga wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba tukuna. Ta miƙa wa mijin waya ta ce ya haska, ta sa na juya yarinyar ta kwanta a gefen hagu, ta ce in nemo jijiya. Hannuna yana rawa na samu a karo na biyu. Ita ta haɗa maganin magnesiyam salfet, giram 4 a jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, ni kuma ta ɗora mini tsaron yarinyar har asuba: ƙirga numfashi, buga gwiwa a ga ko tana harbawa, auna fitsarin da ke taruwa a jaka kowace sa'a, kwalbar kalsiyam gulukonet tana ajiye kusa ko da maganin zai yi mata yawa. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma a daren nan na san shi. Uwa da ɗa sun tashi lafiya, alhamdu lillahi.

Kafin ki zaɓi wuri, ki nemi wanda yake horo a can yanzu ki tambaye shi abu uku: ana biyan alawus a kan lokaci, ana zagaya da su sassa ko ana dasa mutum wuri ɗaya don toshe giɓin ma'aikata, kuma akwai babba da ke tsayawa a kansu da dare. Na ukun ya fi sauran nauyi. Ƙaramin asibitin da za a bar ki ke kaɗai da gado talatin ba koyo ba ne, kasada ce da ran mutane da lasisinki.

Ta Kusugu:

Allah ya saka da alheri Anti, na gode Yaya. Na toshe lambar mutumin nan, kuma na faɗa wa ƙawayena abin da kuka ce, ko da yake ɗaya ta riga ta tura masa rabi.

Anti, na bi shawararki na shimfiɗa takarduna da daddare, sai ga shi a sakamakon sakandare sunana ya ƙare da "tu", a takardar jami'a da lasisi kuwa babu shi, sannan sunan Baba a ɗaya Muhammad, a ɗaya Mohammed. Shekara biyar ina riƙe da su ban taɓa lura ba. Yaya zan yi da wannan? Kuma har yanzu ban san ta inda zan ɓullo wa Baba ba idan Kano ko Zariya suka kira ni kafin Katsina.

Hajiya Mai Ritaya:

'Yata, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma yaran nan biyu kowannensu yana da gaskiyarsa. Ni na yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati kafin na ajiye farar riga, kuma ni ma uwa ce, don haka bari in ɗauki ɓangaren mahaifinki.

Ba ƙin cigabanki yake yi ba, wanda ya ɗauki nauyin karatun shekara biyar ba zai ƙi shekara ɗaya ba. Abin da yake gani shi ne 'ya mace da za ta tashi aiki ƙarfe tara na dare a garin da ba ta da kowa, da kuma halin da wasu hanyoyinmu suke ciki. Idan kika je masa da "ina so", zai ce a'a. Ki je masa da amsar abin da yake tsoro: ga ɗakin kwanan ma'aikata a cikin harabar asibitin idan suna bayarwa, ko ga gidan wance da zan zauna, ga wadda za mu yi haya tare, ga abin da zan ci kafin alawus ya fara shigowa, domin yakan yi jinkiri a watannin farko. Ki kuma sa gwaggonki ta Katsina a cikin maganar tun yanzu. Sannan ki nuna masa lissafin lokaci, cewa kowane wata da kika yi a zaune yana tura bautar ƙasa gaba, yana tura neman aiki gaba. Shawarata ita ce ki nemi ko'ina kamar yadda aka ce, amma wanda ya fara kiran ki cikin waɗanda hukuma ta amince da su ki riƙe shi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kuma kada ki raina Katsina. Wadda ta yi damina ɗaya a ɗakin yara a jihar nan, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke cika gadaje daga Yuli zuwa Oktoba, ta ga aikin da zai ishe ta tunani har tsufa.

Na'urorin da kike kwaɗayin gani ba za su gudu ba. Bayan bautar ƙasa akwai makarantun ƙwarewa na gaba da matakin farko: jinyar ƙashi a Dala, jinyar ido da ta kunne da hanci da maƙogwaro a Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a Barnawa ko Kware. Waɗannan ne suka fi kusa da ƙwarewar da kike hange. Idan kuma zuciyarki tana kallon Ingila ko Amurka ne, ki tuna cewa a watan Fabrairu na 2024 NMCN ta fitar da ƙa'idar sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin ta tantance masa takardu zuwa waje, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko ba don wata ƙa'ida ba, masu ɗauka a can ma aikin hannu suke tambaya.

Akwai abin da ba a faɗa miki ba, kuma shi ya fi kayar da masu digiri a ɗakin majinyata. Yawancin waɗanda za su koya miki aiki ba su da digiri, makarantar jinya ta shekara uku suka yi, wasu a nan Katsina, wasu ungozomomi ne da suka fito daga Malumfashi. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai 'yar tsama da ta daɗe, a kan matakin albashi da kuma wa ya fi wa. Kada ki gaji wannan faɗa, ba naki ba ne. Na taɓa samun wata sabuwa da ta ce mini gyaran gado da juya majinyaci ba aikin mai digiri ba ne. Ban ce mata komai ba, na naɗe hannun riga na yi da kaina tana tsaye, kuma a wajen juya tsohon ne muka ga gyambon kwanciya ya fara ci masa baya. Ki gaida kowa, har masu shara da masu tura gado, ki riƙa zuwa kafin lokacin miƙa aiki, ki ajiye ƙaramin littafi a aljihu, kuma maganin da ba ki tabbata da shi ba kada ki ba da shi don kunyar tambaya.

Sista ta Ƙofar Ƙaura:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, mun karɓi gyara. Ƙanena na Mashi, ban janye ra'ayina a kan asibitin koyarwa ba, amma tambayarka ta uku na yarda ta fi tawa shawarar muhimmanci.

Ƙanwata, matsalar suna tana da magani, kuma gara da kika gano ta yanzu. Ki je babbar kotu nan Daura ki yi takardar rantsuwa cewa sunayen duka naki ne, ki rubuta kowane salo yadda ya fito a kowace takarda, ki kuma bayyana wanda kike so ya zama tsayayye. Ki zaɓi wanda ke kan lasisinki da takardar jami'a, sannan ki duba ko shi ne a kan lambar NIN da asusunki na banki, domin idan suka saɓa alawus ɗinki ne zai maƙale, kuma za ki sake cin karo da shi wajen rajistar bautar ƙasa. Ki maƙala kwafin rantsuwar a bayan sakamakon sakandaren a duk fom da za ki miƙa. Ƙawarki da ta tura rabi kuma ta adana shaidar turawar da lambar mutumin, ta je bankinta gobe da safe ta kai rahoto, kada ta ƙara masa ko kwabo ko da ya ce sauran ne kawai ya rage a fitar da suna.